Yadda masaukin wucin-gadi ya zama abin shari'a a Ingila

A da, talakan Ingila da ya rasa wurin kwana ba shi da mafaka sai gidan gajiyayyu, irin waɗanda dokar talakawa ta 1834 ta baza a ƙasar. Da an shiga sai a raba miji da mata, yara ma a ware su. An soke tsarin a 1948, aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin saukar da wanda larura ta faɗo wa ba zato. Sai dai gine-ginen da ke hannunsu su ne dai tsofaffin gidajen nan, halin ma bai sake ba. A masaukin King Hill da ke Kent, mata da yara kaɗai ake karɓa, miji sai dai ya leƙo ya tafi, bayan wata uku kuma a ce a tattara kaya. In ba a samu wani wuri ba, hukuma na iya kwashe yaran. A 1965 wasu magidanta suka ƙi fita, suka kwana wajen iyalansu, har aka ɗaure wasunsu saboda saɓa umarnin kotu.

A watan Nuwamba 1966 BBC ta nuna fim ɗin Ken Loach mai suna Cathy Come Home, labarin wata uwa da aka ƙwace wa 'ya'ya don ba ta da muhalli. Mutum kusan miliyan 12 suka kalla, ƙasar ta ɗauki zafi. Amma sai da aka shekara goma sha ɗaya kafin ɗan majalisa Stephen Ross ya samu ƙudurinsa ya zama doka a 1977. Daga nan wajibi ne ƙaramar hukuma ta samar wa iyali masu yara muhalli, sai fa in ta gano cewa da gangan suka rabu da nasu.

Shekara uku kacal bayan haka gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen hukuma damar sayensu da rangwame. An sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a kuma gina madadin yawancinsu ba. A ganina nan ne tushen rigimar: nauyi na nan a wuyan hukuma, gidajen da za ta sauke shi da su sun tafi. Sai aka koma cusa iyalai a ƙananan otal.

Nan da nan maganar ta kai kotu. A 1986 wasu ma'aurata a Hillingdon, su da yara biyu a ɗaki guda, babu wurin girki, babu wurin wanki, suka ce wannan ba gida ba ne. Alƙalan Majalisar Dattawa, kotu mafi girma a lokacin, suka ce ai suna da wurin kwana, don haka ba marasa gida ba ne. Hukuncin ya tayar da ƙura har majalisa ta gyara dokar a shekarar. Dokar 1996 ta wajabta cewa masaukin ya dace da iyalin, ta ba su kwana 21 su nemi a sake duba shawarar hukuma. Daga Afrilu 2004 kuma aka hana ajiye mai ciki ko mai yara a irin otal ɗin nan fiye da mako shida. Har yau ana keta wannan ƙa'ida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke ɗaukar kasadar. Uwa ce za a nuna wa ɗaki mai danshi, bango duk ya yi baƙi, ko gida a garin da ba ta san kowa ba, wani lokaci a ce ta ba da amsa a ranar. In ta karɓa, yara sun bar makarantarsu, ita ta bar aikinta da danginta. In ta ƙi, hukuma na iya cewa ta sauke nauyinta. Gaba kura, baya siyaki. Shi ya sa lauyoyi ke cewa a karɓa tukuna, a yi ƙorafi daga baya. Wata uwa mai 'ya'ya biyar a Westminster da ke Landan ba ta yi haka ba. Aka ba ta gida a Bletchley, wajen mil 50 daga Landan, ta ƙi, hukuma ta janye hannu, yaran suka koma hannun masu riƙo. A 2015 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Lady Hale, ta soke matakin: hukumar ba ta nuna ta nemi gida a kusa ba, ba ta kuma auna halin da yaran za su shiga ba.

Su ma hukumomin suna da kukansu, kuma gaskiya ne. Abin da gwamnatin tsakiya ke mayar musu na kuɗin masaukin an daskarar da shi a kan farashin hayar Janairu 2011, haya kuwa ta yi tashin gwauron zabi. A 2010 gidaje kusan 48,000 ne ke masaukin wucin-gadi a Ingila. A 2023 sun haura 100,000, a 2024 yaran da ke ciki sun wuce 150,000, kuɗin da ake kashewa a shekara ya zarce fam biliyan 2. Har tsofaffin ofisoshi aka yanyanka ɗaki-ɗaki ana zuba iyalai, kamar Terminus House a garin Harlow.

Da wannan kuka ƙaramar hukumar Croydon ta je gaban alƙalai a kan wata uwa mai tafiya a keken guragu, wadda aka saka tun 2014 a gidan da hukumar da bakinta ta amsa cewa bai dace da ita ba. A Nuwamba 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a ce kawai babu kuɗi ba hujja ba ce, sai hukuma ta kawo bayani dalla-dalla kan abin da ta yi da abin da ya gagare ta. Ta mayar da shari'ar babbar kotu a sake saurare, shekara tara bayan an saka matar a gidan.