Dashen maman roba bayan tiyatar kansa: Abin da ke biyo baya cikin shekaru

Idan kansar mama ta tilasta wa likitoci cire wa mace mama, ɗaya daga cikin hanyoyin mayar mata da siffar ƙirjinta ita ce dasa mata wata jaka a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Jakar iri biyu ce: mai ɗauke da ruwan gishiri da mai ɗauke da silikon mai kauri. Sau da yawa akan fara da jakar wucin gadi da ake ƙara wa ruwa sannu a hankali har fata ta saki, sannan a musanya ta.

Dashen ba ya sa kansar mama ta dawo, kuma mata da dama kan samu natsuwa da shi. Sai dai jakar ba ta zama a jiki har abada. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta bayyana cewa gwargwadon daɗewar jakar a jiki, gwargwadon yiwuwar sake tiyata don cire ta ko sauya ta. Iyalin da ke lissafin kuɗin aikin farko kaɗai, lissafinsu bai cika ba.

Matsalar da aka fi gani ita ce taurin tantani. Jiki kan lulluɓe duk wani baƙon abu da tantanin tabo, kuma wannan ba cuta ba ce. Amma a jikin wasu matan tantanin kan yi kauri ya matse jakar, maman ya yi tauri, ya karkace ko ya haura sama, wani lokaci da ciwo mai hana kwanciya. Gashin kansa da na'ura yana ƙara wannan haɗari sosai, haka ma haɗarin ƙwayoyin cuta da buɗewar ɗinki. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin yawancin masu cutar kan isa asibiti bayan ta yi nisa, lokacin da da wuya a kauce wa gashin. Ga irin waɗannan mata, likitoci kan ba da shawarar jinkirta gyaran, ko a gina maman da fata da kitsen cikin matar, aikin da ya fi tsawo amma ya fi jure shekaru.

Sai fashewa. Jakar ruwan gishiri idan ta huje, maman kan sace cikin kwanaki, jiki ya shanye ruwan. Ta silikon kuwa tana iya tsagewa ba tare da wata alama ba. Shi ya sa FDA ta ba da shawarar a yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Akwai kuma wata kansar ƙwayoyin garkuwar jiki, BIA-ALCL, da ke tsirowa a tantanin da ke kewaye da jakar. Ba kasafai ake samunta ba, kuma an fi danganta ta da jaka mai kaushin baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtuka a 2016, a Yulin 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa samfurin Biocell daga kasuwa. Alamarta yawanci kumburi ne na ruwa da ke bayyana shekaru bayan dashen. Idan an gano ta da wuri, cire jakar tare da tantanin kan wadatar a mafi yawan lokuta.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, fatar wurin kan rasa ji, kuma maman asali yana sauyawa da shekaru da ƙiba, na roba kuwa yana nan yadda aka dasa shi, har bambancin ya fito.

Wadda aka yi wa aikin a Indiya ko Masar ta tabbata ta dawo da katin da ke ɗauke da sunan kamfani da samfuri da lambar jakar, ta kuma samu likitan da zai riƙa duba ta a gida. Kumburi, tauri, ja ko sauyin siffa, ko da bayan shekara 10 ne, dalili ne na zuwa asibiti.