Daga Keken Doki Zuwa Chevrolet: Nazari Kan Gidan Hare na Garin Noblesville

A shekarar 1847 wani mutum mai suna Wesley Hare ya buɗe wurin ƙera amalanke da keken doki a Noblesville, wani ƙaramin gari da ke arewa da birnin Indianapolis a jihar Indiana ta Amurka. Sana'ar ta haɗa kafinta da maƙeri da mai fenti a rumfa ɗaya: wannan ya sassaƙa ƙafa, wancan ya ɗaura mata da'irar ƙarfe da zafinta, in ta huce ta kama katakon gam. Da ɗansa ya shigo harkar sai aka koma kiran wurin W. Hare & Son. Sun shafe shekara 65 suna wannan aiki kafin su karɓi dilancin motoci a 1912, ciki har da Hupmobile da Studebaker da Cadillac. Chevrolet, wadda aka san su da ita yau, daga baya ta zo.

Sai an fara warware ma'anar kalma kafin a gane wannan tarihi. A wajenmu dillali ba shi da kaya, tsakani yake shiga, ya karɓi la'ada ya kama gabansa. Dilan mota a Amurka kuwa da kuɗinsa, ko da bashin banki, yake sayen motocin daga kamfani, su zauna a harabarsa kuɗin ruwa yana hawa har ranar da mai saye ya zo. Masu ƙera motoci na farko ba su da jarin buɗe shago a kowane ƙauye, shi ya sa suka nemi mutanen da garinsu ya riga ya yarda da su: maƙera, masu gyaran keke, masu keken doki. Kamfanin Studebaker kansa amalanke ya fara ƙerawa a South Bend, cikin jihar Indiana ɗin, tun 1852. Ashe abokin hamayya a sana'a ne gidan Hare ya koma yi wa talla.

A ganina, garejin da ke bayan shago ne ya riƙe irin waɗannan gidaje, fiye da motocin da ake jerawa a gaba. Motar wancan zamani ba ta kwana biyu ba ta nemi bakanike ba. Hanyoyin karkara taɓo ne da damina, taya tana yawan fashewa, faci kuwa aikin kullum ne. Da hannu ake murza injin daga gaba, in ya yi tutsu ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu. Sai a 1912 Cadillac ta fito da sitata mai aiki da lantarki. Manomin da ya sayi mota bai iya tuƙi ba, dila ne zai zauna gefensa ya koya masa. Wanda ya koya maka tuƙi, ya kuma gyara maka abin da ka ɓata, da wuya ka tsallake shi ka je wani gari sayen ta biyu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tabbatar da haka. A watan Fabrairun 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula a Amurka, ba a dawo ba sai 1945. Dilan da ba shi da gareji ya rasa abin yi. Mai gareji ya ci abinci da gyaran tsofaffi da cinikin motoci na hannu.

Zaman dila da kamfani dai zaman kashin awaki ne da wuya ya rasa tsami. Lokacin da kasuwa ta faɗi a 1920 zuwa 1921, Henry Ford ya tura wa dilolinsa motocin da ba su nema ba, ya ce a biya nan take, bashinsa ya koma wuyansu. Sai a 1956 majalisar dokokin Amurka ta ba dila damar kai kamfani ƙara idan ya yi masa rashin adalci. Akwai kuma hatsarin kamfanin ya mutu ya bar ka da allon suna: Hupmobile ta daɗe da shuɗewa, Studebaker ta rufe masana'antarta ta South Bend a 1963. A 2009, da Chrysler ta durƙushe, diloli 789 ta soke a tashi ɗaya.

Me ya sa gidan Hare ya tsira? Za a ce riƙon amana, kuma ba ƙarya ba ne, amma diloli da yawa masu amana sun rufe saboda garinsu ya tsiyaye, matasa sun tafi birni. Noblesville kuwa birni ne ya zo ya same ta. Mutanenta wajen 5,000 ne a 1910, a ƙidayar 2020 sun kusa 70,000, ta zama kamar unguwar Indianapolis. Wannan bunƙasar ce kuma ta sa wurin ya yi tsadar da manyan kamfanoni suka sa masa ido. A 2017 zuri'a ta shida ta sayar da shi ga Asbury Automotive Group, mai rassa a jihohi da dama, shekara 170 cif bayan amalanken farko. Sabbin masu wurin ba su cire sunan Hare daga allon ba.