Daga eriyar gora zuwa tauraron ɗan Adam: yadda ƙwallo ta shigo zaurukanmu

Ranar 31 ga Oktoba, 1959, gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin na WNTV a Ibadan, ba a jima ba kuma, cikin 1962, Jihar Arewa ta kafa nata a Kaduna. Tun daga sa'an nan ma'abota wasanni suka fara ɗanɗana wata ni'ima wadda kakanninsu ba su taɓa riska ba, wato mutum ya zauna a zaurensa yana ganin abin da ke gudana a filin da ƙafarsa ba ta taka ba. Amma fa ganin nan yana da iyaka, domin kowace tasha tana da da'irar da ƙarfinta ke kaiwa, hoton kuma fari da baƙi ne, har idan ƙungiya ɗaya ta sa ja ɗayar ta sa shuɗi, sai mai kallo ya rasa bambance su illa da taimakon mai sharhi. A tsakiyar shekarun 1970 tashar Jos ta fara watsa hoto mai launi, a 1977 kuma gwamnatin tarayya ta tattara tashoshin ƙarƙashin NTA.

Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na Kofin Afirka a watan Maris na 1980, ranar da Nijeriya ta ci Aljeriya uku da nema a Legas, ya san wahalar wancan zamani: eriya ɗaure a kan doguwar gora, yaro a waje yana juya ta, manya a ciki suna cewa ya ƙara kaɗan, ya dawo, ya tsaya nan. Duk da haka tsohuwar hanyar tana da wata falala da ba a cika ambata ba, ita ce ko saƙon ya yi rauni hoton ba ya gushewa gaba ɗaya, sai dai ya cika da yayyafi, 'yan wasa su koma inuwoyi, amma ana iya bin ƙwallon har raga.

Sauyi ya zo ta fuska biyu. A gida, dokar soja ta 1992 ta kafa hukumar NBC, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa watsa shirye-shirye, sai kamfanonin kebul suka bayyana a manyan birane, suna kamo tashoshin waje da manyan faranti suna rarraba wa masu biya. A Afirka ta Kudu kuwa, tashar M-Net, wadda aka buɗe a 1986, ta ware wa wasanni wani sashe a 1988 da sunan SuperSport, a 1995 kuma aka fara DStv, mai aiko da hoto ta hanyar dijital daga tauraron da ke tsaye kimanin kilomita 35,786 a saman layin tsakiyar duniya. Da farantin ya ƙanƙance har ya zama abin da ake kafawa a bangon shago, sai gidajen kallo suka yaɗu daga birni zuwa ƙauye, da bencinansu da janareta da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli.

A nan ne ya kamata mai karatu ya fahimci sababin abin da idonsa ke gani. Tauraro yana da taƙaitaccen fili na ɗaukar saƙo, kamfani kuwa yana son cusa tashoshi masu yawa a cikinsa, saboda haka tilas a matse kowane hoto, na'ura ta riƙa aiko da abin da ya sauya kawai tsakanin wannan hoto da mai bi masa. Mai karanta labarai a zaune ba ya wahalar da wannan hikima, domin kusan leɓɓansa kaɗai ke motsi. Amma ƙwallo, inda kyamara ke gudu, ciyawa da dubban 'yan kallo duk suna sauyawa a lokaci guda, ita ce mafi tsananin jarrabawa, shi ya sa idan aka yi wa tasha rowar fili sai ka ga ciyawa ta dame, lambar riga ta ɓace. Ko da aka zo da hoto mai tsabta a 2008, lokacin wasannin Olamfik na Beijing, mai layuka 720 ko 1080 maimakon 576 na da, wannan ƙa'ida ba ta sauya ba. Ga kuma illar damina: ƙananan faranti suna karɓar saƙo a zangon da ɗigon ruwa ke shanyewa, dijital kuwa ba ta san tsaka-tsaki ba, sai hoto ya farfashe ya daskare, ɗan wasa ya tsaya da ƙafa a sama, ɗaki ya ɗauki salati.

Alal haƙiƙa abin da ya fi damuna yana can baya da wannan, a filin da ake ɗauko hoton. Gasar Firimiya ta Ingila ana ɗaukarta da kyamarori masu yawa, ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, a kan ciyawar da aka yi wa hidima, har kamfanoni suka riƙa gwabzawa a kanta, kamar yadda HiTV ta ƙwace haƙƙin nuna ta a Nijeriya a 2007, kuɗin ya fi ƙarfinta, ta durƙushe a 2011. Gasarmu ta gida kuwa, SuperSport ta nuna ta shekaru, har a zamanin da Kano Pillars ta ɗauki kofi sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma galibi wasa ɗaya ko biyu a mako, da rana, a filayen da ba su da wadataccen haske, daga bisani kuma kamfanin ya janye a 2017. Yaron da ke Fagge, wanda tsakaninsa da filin Sani Abacha tafiyar ƙafa ce, ya tashi yana ganin gumin ɗan wasan Landan ƙarara, alhali na garinsu sai labari, kuma ba adalci ba ne a zarge shi da ƙin nasa. Masu tafiyar da gasar, da gwamnatocin jihohi waɗanda mafi yawan ƙungiyoyin nan mallakinsu ne, su ke da alhakin fitilu da ciyawa da motar ɗaukar hoto, domin tauraro ba ya iya aiko da abin da kyamara ba ta gani ba.