Tarihin wata lamba gagara-rabo: 2¹²⁷ − 1

Kafin mu shiga tarihi, sai mu daidaita kalma. Abin da Faransanci ke kira « nombre premier », wasu malamai suna fassara shi da « lambar farko », wanda a ganinmu yana ɓad da ɗalibi, tun da ba jeri ake nufi ba. A nan za mu yi amfani da « gagara-rabo », a kan tsarin gagara-gasa: lambar da ba ta rabuwa ba saura sai da 1 ko da ita kanta.

A shekarar 1644, Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe, ya yi da'awar cewa 2ⁿ − 1 gagara-rabo ce idan n ta kasance 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 ko 257. Bai kawo hujja ba. Daga baya an gano ya yi kuskure a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. A kan 127 kuwa ya dace, amma sai a 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da haka.

Lambar tana da alƙaluma 39. Wanda ya ce zai gwada ta da rabawa ɗaya bayan ɗaya, sai ya kai ga masu rabawa masu alƙaluma 20, aikin da ya fi ƙarfin rayuwar ɗan Adam. Lucas ya bi wata hanya dabam. Ana farawa da 3, a ninka ta da kanta, a cire 2, a samu 7; a sake, a samu 47, sannan 2207, ana tafiya ana riƙe saura kawai bayan rabawa da lambar da ake gwaji. Idan bayan ninki 125 saura ya zama sifili, to lambar gagara-rabo ce. Abin lura a nan shi ne, gwajin yana yanke hukunci ba tare da ya nemi mai rabawa ko ɗaya ba.

Wajen rarrabewa, lambar ta shiga aji fiye da ɗaya. Ta Mersenne ce, kuma ta Mersenne riɓi biyu, don 127 ita ma 2⁷ − 1 ce. Eugène Catalan ya lura cewa tana cikin silsilar 2, 3, 7, 127, inda kowace lamba ke haifar da mai bi mata. Haka kuma, bisa ƙa'idar Iƙlidis, in an ninka ta da 2¹²⁶ ana samun cikakkar lamba, wato wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ke daidai da ita.

Shekara 75 ta yi tana kan gaba, har 1951, lokacin da injunan lissafi suka wuce ta. Da gwajin nan na Lucas, wanda Derrick Lehmer ya gyara a 1930, aka tabbatar da 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1 a watan Oktoba 2024, mai alƙaluma 41 024 320.