Hannu da Inji a Tarihin Kwaɓin Burodi

A yau matar gida mai sha'awar gasa burodi takan tarar da injuna iri-iri a kanti, kowanne da kuɗinsa mai nauyi, har ta shiga tunanin ko burodinta ba zai yi kyau ba sai da su. Wannan maƙala za ta dubi asalin waɗannan injuna, domin sanin dalilin ƙera abu shi ke nuna wanda ya cancanci ya saye shi.

Tun kafin burodin Turawa ya iso, Kanawa sun san gashin alkama. Gurasa, wadda sunanta ya samo asali daga Larabci, ana danganta zuwanta da fataken Larabawa da suka ratso Sahara suka zauna a birnin Kano. Kayan aikinta kaɗan ne, wato garin alkama da ruwa da abin tayar da kwaɓi, sai tanderu na yumɓu da ake hura wa wuta a manna gurasar a jikinsa. Har gobe da waɗannan kaya mata suke ciyar da birni guda, ba tare da wutar lantarki ba.

Shi kuwa injin kwaɓi, a gidajen burodi na kasuwa aka haife shi. A shekarar 1908 wani injiniya na kamfanin Hobart a Amurka, mai suna Herbert Johnston, ya dukufa wajen ƙera shi bayan ya ga wahalar da mai gasa burodi yake sha wajen juya kwaɓi mai yawa da cokalin ƙarfe. Sai a 1919 kamfanin ya fito da ƙaraminsa domin gidaje, da sunan KitchenAid, kuma tsadarsa ta sa masu hali kaɗai suka iya saye. A Ingila ma, Kenneth Wood ya fito da Kenwood Chef a 1950. Abin lura shi ne, duk an ƙera su ne domin rage gajiya da ɓata lokaci.

Labarin da ya fi jan hankali shi ne na Japan. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Matsushita, wanda yanzu ake kira Panasonic, ya so ya ƙera injin da zai kwaɓa, ya bar kwaɓin ya tashi, sa'an nan ya gasa da kansa. Da farko burodin ya ƙi kyau. Sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta tafi almajiranci wurin shugaban masu gasa burodi na wani otal a Osaka. Nan ta lura cewa gwanin yana jan kwaɓin yana kuma murɗa shi a lokaci guda. Da aka koya wa injin wannan motsi, sai aiki ya yi kyau. Ashe ke nan inji ɗalibin hannu ne.

Daɗin daɗawa, a 2006 jaridar New York Times ta yaɗa dabarar wani mai gidan burodi, Jim Lahey, wadda ba ta bukatar murza ko kaɗan. Ana haɗa fulawa da ruwa da gishiri da ɗan yis, a rufe na awa 12 zuwa 18, sa'an nan a gasa cikin tukunyar ƙarfe mai murfi. Dalili kuwa, danƙon da ke riƙe iska a cikin kwaɓin alkama yakan haɗu da kansa in an ba shi lokaci. Watau abin da inji yake yi cikin mintoci, haƙuri yana yinsa cikin dare guda.

Daga wannan tarihi za a fahimci cewa kyawun burodi yana ga ingancin fulawa, da awo daidai, da isasshen lokacin tashi, da zafin tanda. Matar da take gasawa domin sayarwa, ko mai babban gida, ko wadda ciwon gaɓoɓi ya hana ta murza, injin kwaɓi zai mayar mata da kuɗinta. Amma mai gasa burodi ɗaya ko biyu a mako, musamman inda wuta ba ta tsayawa, gara ta sayi ma'auni da fulawa mai kyau, ta ajiye sauran kuɗinta. Hausawa dai sun ce daidai ruwa, daidai gari.