Ƴan Lifidi: Rundunar da Ta Girgiza Ƙasar Gobir da Adar

Tun kafin Ingila ta fara tura tankokin yaƙi fagen daga a 1916, sarakunan ƙasar Hausa suna da tasu rundunar fasa sahun maƙiya. Su ne ƴan lifidi. Yankin da yau ya ƙunshi gundumomin Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa ya san ƙarar kofatan dawakinsu, domin a nan Gobir Tudu ta haɗu da duwatsun Adar, a nan kuma Gobirawa, Adarawa da Buzaye suka daɗe suna ƙawance da gaba da juna.

Littafin tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Daga nan kayan suka bazu. Lifidi yadi ne mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a ɗinke shi layi-layi, a rufe doki da shi tun daga wuya har ƙasa da gwiwa. Mahayin ma yakan sa nasa, ya ɗora kwalkwali, ya riƙe mashi da takobi. Kibiya, ko mai dafi ce, sai ta maƙale a cikin auduga ba ta kai ga fata ba. Sulke kuwa, rigar zobban ƙarfe, yawanci fatake ke kawo shi ta hamada, don haka sai manyan barade ke iya mallakarsa.

Rundunar tana da tsari. A Gobir, Ubandawaki na cikin manyan masu jan ragamar dawaki, kamar yadda Ƙaura yake a Katsina da Maraɗi. Ƴan lifidi suna ƙarƙashin shugabansu, kuma galibi bayin sarki ne, shi ke ba su doki da kaya. Idan aka ja daga, dakaru masu baka da masu garkuwa su ke fara taɓa wuta. Sai an ga sahun maƙiya ya fara rawa a saki ƴan lifidi su keta shi, sannan barade masu sauƙin kaya su bi masu gudu. Tambari da kakaki ke isar da umarni. Tare da kowane mahayi akwai zagi, da masu yankan ciyawa, da masu ɗaukar kaya, domin ba a sa lifidi a kan hanya: yana da nauyi da zafi, sai an kusa gwabzawa ake ɗaura shi. Ana kuma fita yaƙi ne da rani, bayan an kai amfanin gona gida.

Amma lifidi shi kaɗai bai taɓa cin yaƙi ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da ƴan lifidi kimanin 100, ga kuma Buzaye masu mara masa baya. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu ba su wuce 20 ba. Duk da haka maharba suka tsaya kyam, suka tarwatsa rundunar Gobir. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Waɗanda suka yi nasara ba su raina kayan da suka kwasa ganima ba: cikin ƴan shekaru Sakkwato ta kafa nata ƴan lifidi.

Baturen Birtaniya Clapperton ya gan su da idonsa a 1826, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kewaye Gobirawa a garin Konya. Ya rubuta cewa sai an taimaka wa mahayi kafin ya iya hawa dokinsa, kuma bindiga guda daga cikin ganuwa ta kayar da na gaban ƴan lifidi. Garin bai ciwu ba. Bayan shekara goma, a Gawakuke cikin 1836, Bello ya gamu da haɗin gwiwar Sarkin Gobir Ali, Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da shugaban Buzaye Ibra. Ali da Rauda suka kwanta dama a fagen, Ibra ya tsira. Gobirawan da suka rage suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi, suka ci gaba da fafatawa.

A tsaunukan Adar kuwa, ƙasar da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ƙwace daga hannun Kabi a 1674, doki mai nauyin kaya ba ya sakewa. Buzayen Kel Geres da suka zauna wajen Galma da Arzarori sun fi dogara ga raƙumi da doki mai sauri, da takobi, mashi da babbar garkuwar fata. Su ne suka tari sojojin Faransa a Zangebe da Galma a 1901, aka ci su da ƙarfin bindiga. A watan Maris na 1903 bindigogi masu sarrafa kansu na Ingila suka yi wa dawakin Sakkwato irin wannan ɓarna. Daga nan zamanin lifidi a fagen fama ya ƙare.

Yau sai a hawan Sallah ake ganin ƴan lifidi suna rakiyar sarakuna, masu ɗinka lifidi kuma sai raguwa suke yi. Ya kamata masarautun Madawa, Buza da Keita su tattara tsofaffin lifidai, sulke da kwalkwali da ke ajiye a gidaje, su kuma naɗi muryar dattawan da suka san tarihinsu, tun suna raye.