A'isha Falatiya: Bahaushiyar da ta buɗe wa matan Sudan ƙofar rediyo

Wanda ya taɓa zama a Mayo, unguwar talakawa da ke kudancin Khartum, ya san Hausa ba baƙuwa ba ce a can. Da ita ake cinikin goro, da ita masu agashe ke hira a bakin wuta da yamma. Unguwar ta samo sunanta ne daga juyin mulkin watan Mayu na 1969 da ya kawo Ja'afar Numairi, amma zaman Hausawa a Sudan ya girme wa wannan suna nesa ba kusa ba. Hanyar Makka ce ta fara kai su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Larabawan ƙasar suka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a suna ɗaya: Fallata.

Daga cikin waɗannan mutane A'isha Musa Ahmad ta fito. An haife ta a Kassala, ta tashi a Omdurman. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo, irin wadda Sudanawa ke kira halwa, kuma a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani. Wanda ya san yadda allo ke gyara harshe da numfashi ba zai yi mamakin muryar da ta fito daga wannan zaure ba. Sai dai malam bai yi renon muryar don gidan biki ba. Da yarinya ta fara waƙa a wajen aure sai ya aurar da ita, ko Allah zai sa ta bari. Auren bai daɗe ba, ta koma waƙarta.

Gidan bikin da ta koma duniya ce ta mata zalla. Akwai daluka, ƙaramar gangar yumɓu mai buɗaɗɗen gindi da ake wa amarya rawa da ita, akwai tafi da amshi da guɗa. A shekarun 1930 wani sabon kiɗa mai sauri da ake kira tumtum ya mamaye birane, 'yan mata suna tsara masa gajerun baitoci kan soyayya da halin rayuwa. Manyan mawaƙa maza, masu salon haƙiba da baitocin Larabci masu nauyi, suna yi masa kallon wasan yara. Mu ma nan gida mun san wannan kallo: shi aka daɗe ana yi wa amada da kiɗan ƙwarya, har Barmani Coge ta Funtuwa ta tilasta wa kowa ya saurara.

Wannan kiɗan da aka raina shi A'isha ta ɗauka ta kai Alƙahira, inda aka ɗauki muryarta a faifan garmaho. Fayafayan suka dawo Sudan suna juyawa a shagunan shayi da gahawa, maza na saurare ba tare da sun ga mai waƙar ba.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Sojojin Italiya sun kama Kassala, mahaifarta, a watan Yulin 1940, kuma a shekarar ce Turawan Ingila suka buɗe gidan rediyon Omdurman don yaɗa labarin yaƙi. A'isha ta bi rundunar tsaron Sudan har sansanoninta tana yi wa sojoji waƙa, kuma waƙar da ta yi tana roƙon Allah ya dawo da su gida lafiya har yau tana bakin Sudanawa. Ba a jima ba ta shiga ɗakin rediyon da kanta, ƙanwarta Jiddawiyya na kaɗa mata garayar Larabawa. Masu saurare sun yi maraba, amma wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa tashar. Laifinta biyu ne a wurinsu: ga ta mace, ga ta Bafallata. Ba ta janye ba, ba ta kuma ɓoye sunan da ake goranta mata da shi ba. Da shi ta yi suna, ta rera da Larabci ta kuma rera da Hausa, har ta rasu a Omdurman a 1974. Duk macen Sudan da ta tsaya gaban makirufo bayanta, ta ƙofar da ta buɗe ta shiga.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda a Kano da Sakkwato da Maraɗi da wuya ka sami wanda ya san sunanta, alhali a Khartum yaro ma ya san ta. Yanzu kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan tsakanin soja da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya taɓa wuraren da tarihinta ke kwance. A watan Satumbar shekarar bam ya faɗa kasuwar Goro da ke Mayo, ya kashe mutane da dama. Ginin rediyon Omdurman, inda aka tara tsofaffin fayafayan mawaƙan ƙasar, ya yi kusan shekara guda a hannun dakarun RSF kafin soja su karɓe shi a watan Maris na 2024.